Shanya Tsakanin Shekara Biyu

Watan Bak, watan shigar sabuwar shekararmu, ba ya ɓoye halinsa. Da safe rana za ta fito fes, ta gasa tsibirin nan namu har kwalta ta yi laushi, iska ta tsaya cak, ganyen kwakwa ko motsi ba ya yi, mutum yana zaune a inuwa gumi na bin bayansa. Da rana ta karkata sai ka ga wani ɗan baƙi ya leƙo ta kan duwatsu. Kafin ka gama cewa kamar hadari, aradu ta faɗi, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, gari ya hau turiri kamar tukunyar da aka buɗe. Mai hankali yakan gama girbi da shanya tun watan bai kama ba.

Siyadoris ba hankali ya rasa ba, ruwan noma ne ba ya samu a kan kari. Gonarsa ce ta ƙarshe a wutsiyar magudanar da ta fito daga tafki, sai kowa ya sha ya ƙoshi ake sako masa. Wanda ya yi shuka a ƙarshe kuwa shi ke girbi a ƙarshe. Ya yanke shinkafarsa tsakanin ruwa da ruwa, ya sussuke ta da danshinta, ya ɗura a buhuna ya jera a ɗaki. Abincin gidan ke nan na shekara, irin shukar baɗi ma yana ciki. Wata safiya ya kwance bakin buhu ya zura hannu har gwiwa, ya ji ɗumi kamar ya taɓa mai zazzaɓi.

"Uwar yara, zo ki ji."

Matarsa Asilin ta zo ta damƙo ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Ta fara tsami. In ba ta ga rana a kan siminti ba, sai dai a zuba wa kaji. Ka koma wurin Karolis."

"Ƙafata ta san hanyar gidan ƙaninki fiye da hanyar gonata."

"Koma dai. Kunya ba ta busar da shinkafa."

Tsakar gidansu ƙasa ce mai danshi, bishiyoyin kwakwa sun rufe ta ruf. Filin shanya ɗaya ne a ƙauyen, daɓen siminti mai faɗi a bakin hanya, na gari ne ba na kowa ba. Amma tun da Karolis ya yi kuɗi ya kafa injin casa a gefensa, ya gina gida a ɗaya gefen, aka fara ce masa Mudalali, wato attajiri, sai filin ya zama kamar tabarmar ɗakinsa. Shinkafar da yake saya daga ƙauyuka ita ce kullum a baje a kai, daga wannan bakin zuwa wancan.

Siyadoris ya same shi a kan kujera a ƙofar injin, yana fifita tumbinsa da kwali.

"A'a, Massina, surukina! Zauna, zauna. Kai, a kawo masa shayi, kar a cika sukari, ya saba da ɗaci."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Fili nake so."

"Ga fili nan, ai na gari ne. Wa ya hana ka?"

"Shinkafarka ta hana ni."

"To in ɗauke ta in ɗora a kaina?" Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya ce, "Jibi. Ranar da tsohuwar shekara za ta fita. Ma'aikatana duk sun tafi gida, fili naka ne tun asuba, ka yi birgima a kai in ka ga dama."

Siyadoris ya dube shi. A shekarar, masu duban taurari sun ce nonagate zai shiga da hantsi, ba zai fita ba sai gab da faɗuwar rana. Tsohuwar shekara ta tafi, sabuwa ba ta zauna ba. A tsakanin nan ba a hura wuta, ba a ci, ba a aiki, ba a bayarwa ba a karɓa. Hannun da ya yi aiki a lokacin, an ce shekarar duka tsiya za ta bi shi.

"Ranar nonagate za ka ba ni?"

"Shanya ai ba aiki ba ce, Massina. Ka baza da asuba kafin lokaci ya shiga, ka je ka zauna, rana ta yi maka ƙodago kyauta. Ita ba ruwanta da nonagate."

"In hadari ya taso fa?"

"Kwana nawa ke nan ana ruwa? Ai sama ta gaji. In kuma kana tsoro, kawo ta yadda take in auna. Ka san ba na ƙin na gida."

Nan maganar take. Jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta da farashi sai wanda mai injin ya faɗa, kuma kowa ya san irin wanda Karolis ke faɗa. Siyadoris ya tashi bai taɓa shayin ba. Yana tafe yana magana shi kaɗai, har karnuka na waiwayensa. Wannan daɓen, shi da ubansa suka yi dakon yashinsa daga rafi a ka, lokacin Karolis yana yawo ba wando yana satar mangwaro. Yau shi ne zai zauna ya raba rana, ya ɗebe masu kyau, ya jefa wa mijin yayarsa ranar da ko mahaukaci ba ya so. Amma wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Ranar, tun kafin gari ya waye sosai shi da Asilin suka yi ta jigilar buhuna a amalanke. Suka baza ta siririya, suka ja ta da manjagara layi-layi, ta rufe filin kamar zinariya. Da ƙararrawar gidan ibada ta buga, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Siyadoris ya jingina manjagara da bango, suka yi wanka, suka sa fararen kaya, suka bi jama'a da furanni a hannu.

Rana kuwa ta yi aikinta. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi, tsuntsun koha yana ta kiran shekara daga kan bishiya, tsofaffi suna fifita da bakin zane. Babban malamin gidan ibada yana karatu, Siyadoris ya haɗa hannu yana amsawa, amma idonsa na can ta taga, a kan duwatsu. Har tsakar rana sama wasai. Ya fara cewa a ransa, watakila yau Bak ya yi mantuwa.

Bak bai yi mantuwa ba. Rana na karkatawa ya ga ɗan baƙin ya leƙo. Ya juya kai ya sake dubawa, ya ga ya zama kamar giwa. Sai wata iska mai sanyi ta shigo ta kaɗa wutar fitilu. Ya zunguri Asilin, suka fice ba sallama.

A ƙofar gidan Karolis, dab da filin, an kafa rumfa da ƙaton tampol, sabo fil, mazan gari suna ƙarƙashinsa suna buga karta, don wasa ba aiki ba ne. Majiya ƙarfi ne duka, ƙatti masu damtse, da za su tashi su sa hannu da kafin a tauna ganyen bulat, goron ƙasar nan, an tara shinkafar nan tsibi guda. Siyadoris ya iso yana haki.

"Jama'a, ku dubi sama! Ku taimake ni mu tara!"

Suka dubi sama, suka dube shi, suka koma kan kartarsu. Jamis wanzami ne ya yi magana, bai ko ɗago ba.

"Kawu, yau ko gemun sarki ne ya kama da wuta ba na taɓa aska."

"Jamis, ba ni na hau rufin ɗakinka ba da iska ta yaye shi? Cikin ruwa na hau!"

"Ka hau, Kawu, ban musa ba. Amma ba ranar nonagate ka hau ba. Kana so matata ta ce ni na jawo mana tsiyar shekara? Ka san bakinta."

Wani ya ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Wa ke shanya yau?" Aka yi 'yar dariya, ba mai yawa ba, don su ma sun san ba abin dariya ba ne.

Siyadoris ya juya ga surukinsa, wanda ke kishingiɗe cikin farin zane, karta a hannu.

"Massina, na ji, kar kowa ya taɓa. Ba ni tampol ɗin nan kawai. Ni zan kwance, ni zan ja."

Karolis ya dafe ƙirji. "Tampol? Yanzu? Massina, kai da bakinka? Ko allura ba ta fita gidan nan sai lokaci ya yi. In ba da kaya a nonagate, arzikin gidan ya bi shi ya fita?"

"Ba fita zai yi ba! Daga nan zuwa can ne, ga filin kana gani!"

"Filin ai na gari ne, ba gidana ba."

Ka ji fa. Yau filin ya koma na gari.

Aradu ta yi gunji a kan duwatsu, iska ta kwashi ƙura ta watsa a kan kartar. Siyadoris ya juya ya nufi bangon da ya jingina manjagara. A nan ya yi turus. Mutum ne da tun da ya yi wayo bai taɓa keta nonagate ba. Yana yaro ya tsinki mangwaro ɗaya a lokacin, uwarsa ta yi masa dukan da har ya tsufa yana tunawa. Ya tsaya yana kallon manjagarar kamar maciji ce. Ya miƙa hannu ke nan sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu. Karolis ne, ya taso da gudu, tumbi na rawa.

"Kar ka taɓa! Massina, don girman iyayenmu kar ka taɓa!"

Ba tausayi ya taso shi ba. Shekarar da Karolis ya buɗe 'yar rumfarsa ta farko, da Siyadoris ya yi musayar farko ta sabuwar shekara, ɗan kuɗi naɗe cikin ganyen bulat, ka ba ni in ba ka. Shekarar kasuwa ta buɗe masa. Tun daga nan ya sa a ransa hannun Siyadoris ne mai albarka, kuma ba ya yarda ya fara karɓar ganye daga hannun kowa sai nasa.

"In ka yi aiki da shi yanzu ka ɓata shi," in ji Karolis, murya ƙasa-ƙasa. "Anjima daga hannun wa zan karɓa? Ka bar ta ta jiƙe. Na rantse da uwata zan saye ta duka, ko ta zama kunu."

Siyadoris ya dube shi ido cikin ido.

"Wato hannuna yana da albarka a aljihunka, a gonata ne ba shi da ita? Shinkafar kana so a banza, hannun kana so da tsarkinsa. Kai Karolis, ko kura in ta ci akuya takan bar wa mai ita igiya! Sake ni!"

Ya fizge, ya cafki manjagara da hannu biyu, ya kafa ta a cikin shinkafa ya ja.

Asilin kuwa ta yunƙura. Ta ɗaure bakin farin zanenta a ƙugu, ta taka zuwa rumfar, ta rungumi sandar da ke tokare da tsakiyar tampol, ta fizge ta. Tampol ya rufto a kan 'yan karta. Sai ihu da zage-zage daga ƙarƙashi, ƙatti suna rarrafowa ta gefe kamar ɓeraye, Jamis yana neman zanensa.

"Akka! Yayata, kin haukace ne?" in ji Karolis.

"Ai kai ba ka bayar ba, Malli ƙanina, ni na ɗauka. Tsiyar ta bi ni. Na goya ka kana zuba mini fitsari a baya ban mutu ba, wannan ma ba za ta kashe ni ba. Matsa!"

Ta warware igiyoyin ta ja tampol ɗin a ƙasa, shi ya fi ta nauyi, tana ja tana faɗuwa. Ba wanda ya hana ta. Ba kuma wanda ya kama mata.

Tsofaffi biyu ne a kan fili mai faɗin da ƙatti goma ke aiki a kai. Shi yana turo shinkafa da manjagara, ita tana bi da tsintsiya, ƙaiƙayi na shiga musu ido, walƙiya na keta sama har ƙasa. Ɗigon farko ya faɗi a kan simintin mai zafi ya yi cuu. Mutanen gari sun jeru a barandar Karolis, inda ba ruwa, sun harɗe hannu suna kallo. A cikinsu akwai wanda Siyadoris ya ara wa shanun huɗa, akwai wadda Asilin ta karɓi haihuwarta. Da aradu ta faɗi kusa, har ƙasa ta girgiza, wata murya ta ce, "Kun gani ko? Sama ma ta yi fushi!"

Siyadoris ya ɗago, ruwa na zuba a gemunsa. "Sama kullum tana fushi a watan Bak, ɗan banza! Jiya da shekaranjiya da wa take yi?"

Ba su samu tara ta duka ba. Da ruwan ya kece sosai, sai suka ja tampol a kan tsibin da suka haɗa, suka danne gefuna da duwatsu, Asilin ta hau kai ta zauna don iska na neman ɗaga shi. Abin da ya rage a fili, ruwa ya bi ta kansa. Siyadoris ya je ya kwanta a bakin lambatu, ya tare da jikinsa da hannuwansa, amma yana ji yana gani ƙwaya tana sulalewa ta ƙarƙashin hammatarsa tana bin kwata.

Kamar yadda ya zo haka ya tafi. Hadari ya wuce teku, rana ta sake leƙowa ba kunya, siminti ya hau hayaƙi, kwaɗi suka ɗauki waƙa. Asilin ta sauko ta zura hannu ƙarƙashin tampol, ta ciro ƙwaya ta gatsa da haƙori. Ta yi ƙas.

"Wannan ta tsira. Ta fi rabi." Ta dubi sauran da ke kwance cikin ruwa. "Waccan kuwa in ta kwana haka, da tsaminta na da, ta tafi. Sai dai turarawa. Je ka gangaro da durona, ka haɗo da itacen madafa."

"To hura wutar mana, me ya rage?"

"A'a. Sai ƙararrawa ta buga."

"Uwar yara, kin rusa rumfa a kan mutane, kin yi shara, kin yi dako, wuta ce za ki jira wa lokaci?"

"Na karya ɗaya, ba zan karya biyu ba. Je ka."

Ya tafi yana ƙunƙuni. Suka kafa duwatsun murhu a gefen filin, suka ɗora duro, suka kwashe jiƙaƙƙiyar da kwando suka cika shi, suka zauna a jiƙe suna jira, farin kayansu ya koma kalar ƙasa. Da rana ta yi ja ƙararrawa ta buga, mata suka ɗauki ganga ko'ina. A kowane gida an fuskanci kudu, kamar yadda aka faɗa a shekarar, an hura sabuwar wuta a ƙarƙashin tukunyar madara. Asilin ma ta fuskanci kudu ta ƙyasta ashana, amma a ƙarƙashin duron shanshera. Ba a jima ba warin turare shinkafa ya danne ƙamshin madara a unguwar.

Sai ga Karolis, ya yi wanka ya sa sabon kaya, ganyen bulat naɗe a hannu. Ya tsaya nesa da hayaƙi yana murmushin dole.

"Massina, abin da ya wuce ya wuce, da tsohuwar shekara ya tafi. Na tambayi malam, ya ce in ka wanke hannu da ruwan rijiya, watakila..."

Siyadoris ya miƙe ya ware masa tafukansa biyu. Sun yi baƙi da toka, ƙaiƙayi ya manne, manjagara ta fasa su jini na tsattsafowa.

"Ga su. Ba zan wanke ba. Karɓi a haka in kana da zuciya."

Karolis ya dubi hannuwan, ya dubi ganyen, ya matso, ya ja da baya. Daga ƙarshe ya mayar da ganyen aljihu.

"To tampol ɗina fa? Kuma motocina na zuwa da kaya bayan biki, ina za su sauke?"

"Su sauke a kanka. Shinkafar nan ba ta barin filin nan sai ta bushe ƙayau, ta ƙarƙashin tampol da ta cikin duro. Ko ƙwaya ɗaya kuma ba za ta ga ma'auninka ba."

Karolis ya juya ga yayarsa. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, tana juya duro da sanda. Ya ɗan tsaya, ya ga ba mai ce masa zauna, ya koma gida.

Siyadoris ya bi lambatun da ido. Hankaki sun sauka a bakin kwata suna tsintar abin da ruwa ya kwashe, abincin wata guda ko fiye, suna faɗa a kai. Ya ɗauki dutse ya jefe su, suka tashi suka dawo.

"Mutum goma," ya ce. "Da mutum goma sun tashi, da ko ƙwaya ba ta jiƙe ba."

"Na ji. Ka faɗa musu gobe, ka faɗa musu jibi, ni ma zan taya ka," in ji Asilin. "Yanzu dai kama mini duron nan mu juye, na biyu yana jira."